Gwajin da muka kusa ƙin biya



Da yawanku kun sa hannu a gudummawar da muka tara bara domin tiyatar zuciyar matar ɗaya daga cikin mambobinmu. Mun karanta lissafin kuɗin a taron ƙarshen wata, abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya ji. Amma akwai layi ɗaya a cikin lissafin da ya jawo mana ka-ce-na-ce har na mako uku, wato kuɗin ƙarin gwajin da likitoci suka nema kafin tiyata. Mun yi alkawarin za mu yi bayaninsa a rubuce, yau Allah Ya nufa. Mun nemi izinin matar da maigidanta, sun amince da sharaɗin ba za mu ambaci suna ba.

Shekarunta 27, 'ya'yanta biyu. Tun tana da cikin na biyu numfashinta ya fara yi mata wuya, aka ce ai haka ciki yake. Ta haihu lafiya, abin bai tafi ba. Ta kai ga ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai uku ta jingina, da dare tari ya tashe ta, ƙafafu su kumbura, bokitin ruwa ɗaya ya gagare ta ɗauka. An yi ta sayo maganin asma a kemis. Daga baya wani likita ya saurari ƙirjinta ya tura ta ta yi hoton zuciya, wanda ake kira eko. A wani wurin gwaji mai zaman kansa aka yi, sakamako ya nuna ɗaya daga ƙofofin zuciyarta ta tsuke, kuma tana yoyo.

Ga waɗanda ba su taɓa jin bayanin ba, zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙofofi huɗu da likitoci ke kira bawul. Aikinsu kamar na bawul ɗin taya ne, su bar jini ya wuce gaba, su hana shi komowa. Wadda ta lalace a jikin 'yar uwarmu ita ce ta tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na ɓangaren hagu, mai suna maitiral. Idan ta tsuke, jinin da ya fito daga huhu ba ya samun hanya da kyau, sai ya taru baya, huhu ya cika da ruwa. Abin da ke hana ta barci ke nan. Likitoci sun ce tushen abin ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin wasu yara kan juya ta kai wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya hari. An fi ganinsa a yara 'yan shekara 5 zuwa 15, amma ɓarnar ba ta bayyana sai an girma, sau da yawa lokacin da mace ta ɗauki ciki, domin a lokacin jinin jikinta ke ƙaruwa.

Aka tura ta wani babban asibiti. Kamar yadda muka saba, mu muka raka su domin tafinta, tunda maigidan bai jin Turanci sosai, Yarbancinsa kuma na kasuwa ne. Likitar zuciya ta ce za ta maimaita eko. Nan take maigidan ya juyo ya ce, “Sakatare, ba mun yi wannan ba? Ga takardar a hannuna.” Muka ba shi haƙuri. Likitar ta daɗe tana kallon wuri ɗaya a allon na'urar, ta juya matar ta kwanta ta gefen hagu, ta sake dubawa, sannan ta kira babbanta. Suka nuna wani baƙin da'ira a bayan zuciyar, suna magana ƙasa-ƙasa. Gabanmu ya faɗi.

Da suka gama, likitar ta ɗauki biro ta yi mana zane a bayan kati. Ta ce a bayan zuciya akwai wata ƙaramar magudana mai tara jinin da tsokar zuciya ta gama amfani da shi, ta zuba shi a ɗakin sama na dama. Sunanta koronari sainos. A yawancin mutane siririya ce, da kyar ake lura da ita a eko. Ta 'yar uwarmu ta yi faɗi fiye da kima. Ta ce abu biyu ake fi zargi. Na farko, ciwon ƙofar da kansa: idan jini ya daɗe yana taruwa baya, matsin yakan kai har ɓangaren dama na zuciya, magudanar ta kumbura. Na biyu, wata jijiya ce ta daban da aka haifi mutum da ita, take zuba jininta a cikin magudanar. Ta ce a nan ne ake yawan ruɗewa da masu ciwon ƙofar zuciya, domin da zarar an ga kumburin sai a ɗora wa ciwon ƙofar, a wuce, alhali jijiyar na nan a ɓoye. Ba ta zargi wanda ya yi hoton farko ba. Ta ce shi ƙofa aka tura shi ya duba, ya kuma duba daidai.

Bayanin jijiyar shi ne wannan, kamar yadda ta yi mana, muka kuma ƙara karantawa daga baya. Jinin kai da wuya da hannaye yana komawa zuciya ta babbar jijiya ɗaya da ke gefen dama na ƙirji. Amma a makonnin farko na ciki, jijiyoyin biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu. Wajen mako na 8 sai wata jijiya ta gitta ƙirji ta haɗa su, jinin hagu ya koma bin ta dama, ta hagun ta shanye ta zama ɗan zare. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, John Marshall, ya yi bayanin wannan zare tun 1850, kuma har yau da sunansa ake kiransa. A jikin wasu mutane ta hagun ba ta shanyewa, sai ta zauna tana aiki har girma. Likitoci na rubuta sunan wannan hali da haruffa biyar, PLSVC. Shi ne bambancin halitta da aka fi samu a manyan jijiyoyin ƙirji masu maido da jini, kuma ana ƙiyasta mutum 3 zuwa 5 cikin kowane 1,000 na da shi. A kusan 9 cikin 10 na masu shi, jinin na bi ta magudanar nan ya shiga ɗakin dama, inda dama can ya kamata ya je. Saboda haka ba ya sa ciwo, mutum sai ya tsufa ya mutu bai san yana da shi ba. A ragowar 'yan kaɗan ne jijiyar ke zubewa a ɗakin hagu, jinin da bai bi ta huhu ba ya gauraya da mai tsabta. Wannan kam yana da haɗari, domin kumfar iska ko gudan jini daga hannun hagu na iya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa.

Maigidan ya ce, “To Sakatare, tambaye ta, in ba ciwo ba ne, me ya kai mu nemansa?” Muka tambaya. Ta ce domin za a buɗe zuciyar ne. Ƙofar 'yar uwarmu ga tsukewa ga yoyo, don haka ba ta dace da aikin balan-balan da ake zurawa ta cinya a faɗaɗa ƙofa ba, dole a yi tiyata. Lokacin tiyata ana tsayar da zuciya, na'ura ta karɓi aikinta da na huhu. Ana sa robobi a manyan jijiyoyi biyu, ta sama da ta ƙasa, a janye jinin zuwa na'ura. Idan akwai ta uku da likita bai san da ita ba, jini zai ci gaba da kwararowa cikin zuciyar da ake son ta zama fanko. Ta ce kamar mai gyaran famfo ne ya rufe bututu biyu ya fara aiki, ashe akwai na uku a cikin bango. Sannan akwai ruwan maganin da ake ba zuciya domin ta tsaya cak ba tare da tsokarta ta lalace ba. Ɗaya daga hanyoyin ba da shi ita ce ta wannan magudanar ta baya. Ga mai jijiyar hagu, maganin sai ya sulale ya hau jijiyar zuwa wuya da hannu, tsokar zuciya ba ta samu rabonta ba. In an sani tun da wuri, sai a bi ta wata hanyar.

Ta rubuta mana gwaji a takarda ɗaya: eko da allurar ruwan gishiri mai kumfa, sai hoton siti sikan na ƙirji da ruwan da ke haska jijiyoyi, sai gwajin ƙoda da ake yi kafin a ba mutum wannan ruwan. Muka je wurin biyan kuɗi aka faɗa mana jimla. Muka ninke takardar muka sa a aljihu.

A taron Lahadi muka gabatar da ita. Ba za mu ɓoye ba, taron ya yi zafi. Ma'aji ya ce kuɗin tiyatar ma bai cika ba, in aka taɓa asusun sai an koma wa mutane da ƙoƙon bara karo na biyu. Wani dattijonmu da kowa ke ganin girmansa ya ce, “Sakatare, ku 'yan boko kuna da saurin yarda da takarda. Sun ce ba ciwo ba ne, sun kuma ce a biya a duba shi. Wannan wane irin zance ne? Mutanen nan sai sun ga ƙarshen asusunmu.” Muka ce, “Baba, gaskiyarku, amma likitar ta yi bayani.” Muka yi ƙoƙarin maimaita bayanin, sai dai bai fito daga bakinmu yadda ya fito daga nata ba. Ba mu ga laifin Baba ba. Shekaru biyu da suka wuce mun tara kuɗi domin wani ɗan uwa, aka yi ta gwaji bayan gwaji har kuɗin ya ƙare, ya rasu ba a yi masa aikin ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wasu kuma suka ce a mayar da ita gida Arewa a gwada na gargajiya, wasu suka ce ai irin wannan aiki sai Indiya ko Masar. Muka tuna musu cewa tun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu. Aka tashi ba a yanke komai ba, aka ce sai zama na gaba.

Laifinmu a nan yake, mu 'yan kwamiti, kuma mu masu riƙe da biro muka fi kowa. Ba mu koma wurin likitar mun tambaye ta wane gwaji ne ya fi gaggawa ba, ba mu kuma nemi a raba mana kuɗin kowanne daban ba. Da mun yi haka, da mun gane cewa gwajin kumfar kuɗinsa kaɗan ne, siti sikan ne mai tsada. Mun haɗa su a matsayin abu ɗaya muka ajiye. Mako uku takardar na cikin fayil ɗinmu. A mako na uku, wajen ƙarfe biyun dare, maigidan ya buga mana waya yana kuka, numfashinta ya sarƙe. Muka samu mai mota a unguwa aka garzaya da ita. Ta kwana huɗu da robar iska a hanci. Likitoci ba su ce jinkirinmu ne ya jawo ba, ciwon ƙofar ne ke ƙara tsananta. Amma mun san cewa ba za a sa ranar tiyata ba sai sakamakon gwajin ya fito, kuma mu muka riƙe shi.

Tana kwance a asibitin aka yi gwajin kumfar, muna tsaye a bakin ƙofa, likitar ta ce mu matso mu gani. Abin da aka yi amfani da shi sirinji biyu ne da ɗan famfo mai baki uku da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa. Nas ta riƙa tura ruwan daga wannan sirinji zuwa wancan tare da 'yar iska kaɗan har ya yi fari da ƙananan kumfa. Aka tura shi a jijiyar hannun hagu, likita na riƙe da na'urar a ƙirji. Cikin daƙiƙu kaɗan baƙin da'irar nan ta bayan zuciya ta cika da farin kumfa, sannan daga baya ɗakin sama na dama ya cika. Aka jira ya washe, aka maimaita ta hannun dama. Wannan karon ɗakin dama ne ya cika kai tsaye, da'irar ta zauna baƙa. Likitar ta ce, “Kun gani? Jinin hannun hagunta ta baya yake shigowa.” Ta ƙara da cewa abin farin ciki shi ne kumfar ba ta bayyana a ɗakin hagu ba, wato irin mai sauƙin ne. Gwajin duka bai kai rabin awa ba.

Mahaifiyarta ta zo daga gida a ranar. Da muka fassara mata cewa an haifi 'yarta da jijiyar ne, sai ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, “Ɗan nan, tambayar mini ita, wani abu na ci ko na sha lokacin da nake da cikinta? Ni na jawo mata?” Likitar ta dafa kafaɗarta ta ce, “Mama, ba ke ba ce. Wannan jijiya ba ita ta kwantar da 'yarki ba, kuma ba za mu taɓa ta ba.” Muka ce, “Inna, ku kwantar da hankalinku. Abu biyu ne daban. Jijiyar halitta ce, ba ta cutar da ita. Ƙofar kuwa daga baya ta lalace.” Ta yi shiru, can ta ce ta tuna lokacin da yarinyar ke firamare, ta yi zazzaɓi da ciwon gwiwoyi har ta kasa tafiya, aka ce sanyi ne. Babu wanda ya ce mata komai a kan wannan.

Washegari muka kira taron gaggawa, muka ɗauki katin da likitar ta yi zane a kai muka zagaya da shi. Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Wato bututu uku ne ba biyu ba.” Muka ce haka ne. Ya sa hannu a aljihu, shi ya fara ajiye nasa. Siti sikan ya nuna abin da eko ba ya iya nunawa: jijiyar dama na nan daram, ta hagun babba ce, babu jijiyar da ta gitta ta haɗa su, kuma jijiyoyin huhu duk sun shiga inda ya dace. Likitan tiyata ya ce rashin mai gittawar na da muhimmanci. Da akwai ta da girmanta, ana iya matse ta hagun na ɗan lokaci jini ya bi ta dama. Tunda babu, matsewa za ta iya tara jini a kai da wuya, don haka ya shirya roba ta uku tun kafin ranar, ya kuma tsara ba da maganin tsayar da zuciya ta gaba, ta bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini.

An yi aikin a wani asibiti a Legas, aka sa mata ƙofar ƙarfe. Yanzu in ɗaki ya yi tsit ana jin ƙararta kamar agogon hannu, babbar 'yarta har kunne take kangawa. Tana shan maganin tsinka jini mai suna wafarin, wanda ba ta da ranar dainawa, tana zuwa gwajin jini a kai a kai domin a daidaita shi, tana kuma karɓar allurar fenisilin mai daɗewa a jiki kamar yadda aka tsara mata. An gargaɗe su kada ta ɗauki ciki ba tare da sun fara zama da likita ba, domin wafarin na iya cutar da ɗan tayi. Jijiyar hagun na nan inda take. An ba ta kati da aka rubuta PLSVC a kai, aka ce ta nuna wa duk likitan da zai zura mata doguwar roba ta wuya ko ƙasan kafaɗar hagu, ko in wata rana za a sa mata batirin zuciya, domin wayar da aka zura ta hagu ba za ta bi hanyar da aka saba ba. Ƙarin ruwa na yau da kullum a hannun hagu kuwa an ce babu matsala a irin nata.

Har yau a cikinmu akwai masu ganin gwajin kumfar kaɗai ya isa, siti sikan ƙari ne. Mun tambayi likitan tiyatar, ya ce akwai marasa lafiyar da kumfar ke wadatarwa, amma shi a nata bai so ya shiga bai san girman jijiyar da mahaɗinta ba. Mu ba likitoci ba ne, ba za mu yanke hukunci a tsakani ba. Abin da muka canza shi ne namu tsarin. Daga yanzu duk takardar gwajin da ta zo gaban kwamiti, sai an koma wurin wanda ya rubuta ta an yi tambaya uku kafin taro: me ake nema, me zai canza in an same shi, wanne za a fara yi. Amsar za mu rubuto ta da Hausa mu karanta wa kowa. Kuma ba za ta wuce kwana uku a hannunmu ba.

Roƙonmu ga 'yan uwa kaɗan ne. Wanda aka ce yana da ciwon ƙofar zuciya kuma za a yi masa aiki, kada ya ji haushi in an ce a maimaita eko, kuma yana da damar tambayar ko an duba jijiyoyin da ke shiga zuciyar. A riƙa adana takardun asibiti a leda ɗaya, tsoho da sabo, a tafi da su duk inda za a je. Mace mai ciki da numfashi ke hana ta kwanciya, a kai ta a saurari ƙirjinta, kada a tsaya kan asma. Yaron da ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko gaɓoɓinsa suka kumbura suna ciwo ɗaya bayan ɗaya, a kai shi asibiti, kuma in an rubuta magani a shanye shi duka ko da ya ji sauƙi. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman kan wannan cuta, saboda har yanzu tana kashe matasa a ƙasashe irin tamu alhali fenisilin na kare ta.

Muna godiya ga duk wanda ya ba da nasa, 'yan kasuwar shanu da 'yan canji da masu albasa da matan unguwa da suka riƙe yaran wata guda. Mahaifiyarta ta koma gida, ta ce a gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Littafin lissafi na ofis ga mai son dubawa, kowace rana bayan la'asar. 

Sakatare, a madadin kwamiti.